Sakan Goma Sha Huɗu Kafin Ta Yi Magana

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Yau ranar zaman gida ce, ta dole, kamar kowace Litinin a nan Enugu. Kasuwar Ogbete a rufe, ko keke ɗaya ban ji ya wuce ta layinmu na Asata ba. Na ji daɗin hakan. Na baje kayan gwaji a teburin falo, Barira tana kwashe kwanonin karin kumallo tana cewa, "Abban Ilham, yau kuma shagon ne ya biyo ka gida?"

Aikin Malama Ruƙayyatu ne, shugabar Islamiyyar da ke unguwar Uwani. An ba makarantarsu gudummawa, wani ofis kuma ya kwaso musu tsofaffin monitoci goma. Abin da take son sani ɗaya ne: a sayi laftof uku na hannu, ko a sayi ƙananan kwamfutocin nan guda goma, waɗanda komai nasu yake kan allo guda? Ta ce, "Injiniya Imrana, ba na son zato. Ka gwada su, ka kawo mini a rubuce."

Shekara ashirin da uku ina gyaran kwamfuta a garin nan, amma sai makon jiya na fara riƙe irin wannan a hannuna. Raspberry Pi sunanta. Ba ta cika tafin hannuna ba. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yin duk lissafin, ba ta fi farcen babban yatsana ba. Zan riƙa ce mata Ƙaramar. Laftof ɗina da zan gwada ta da shi kuma Babban.

Takardar asibitin ido tana cikin jakar kayan aiki. Ba maganarta zan rubuta a nan ba.

Talata, 8 ga Yuli, bayan La'asar

Gwaji na farko, na ba su babban fayil ɗaya su matse shi. Babban ya gama a sakan arba'in da ɗaya. Ƙaramar ta ci minti biyu da sakan hamsin.

Gwaji na biyu, bidiyon musabaƙar ɗalibai da Malama ta turo, a juya shi ya dace da waya. Babban minti huɗu. Ƙaramar minti goma sha tara.

An kayar da ita ƙasa warwas, amma ni ita na zauna ina kallo. Zuciyar furosesar nan tana bugawa sau biliyan ɗaya da rabi a cikin sakan guda. Na faɗi lambar a bakina sau uku, hankalina ya kasa ɗaukarta. Kafin in ƙifta ido ta yi lissafin da duk mutanen Enugu ba za su gama ba ko da sun kwana suna yi. Kuma yashi ne asalinta. Yashi aka tace, aka narka, aka zana masa hanyoyin da ido ba ya gani. Subhanallah. Wa ya sanar da ɗan Adam wannan?

Ta Babban tana farawa daga kusan wannan gudun, idan aiki ya yi nauyi ta ninka. Kuma a kowane bugu tana ɗaukar kaya fiye da na Ƙaramar, kamar mai baro da mai tire a Ogbete, ko da takunsu ɗaya ne.

Na ƙara girman rubutun sikirin. Monitar ce ta tsufa.

Alhamis, 10 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Abin mamaki ya faru. Na bar Ƙaramar tana aiki ba hutawa a shago, ga zafin kwano, sai na ga gudunta yana sauka da kansa. Na duba ma'aunin zafi, ya haura digiri tamanin. Ashe idan ta ji za ta ƙone sai ta rage tafiya har ta huce, sannan ta ci gaba. Ba wanda ya taɓa ta. Na ɗora yatsa a kanta na janye da sauri.

Na kira Ebuka, maƙwabcina mai gyaran waya, ya zo ya gani. Ya yi dariya ya ce, "Oga Imrana, this small thing get sense pass some people." Shi ya ba ni 'yar fanka da ƙarfen shan zafi. Da na ɗaura mata, zafin ya tsaya a hamsin da wani abu, bidiyon ya sauko zuwa minti goma sha biyar.

Shi ya ɗaura sukurorin, gaskiya. Na ce masa hannuna da maiƙo.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

A sahu wani ya miƙo mini hannu ta hagu, ban sani ba sai da ya taɓa kafaɗata.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan Magariba

Ruwa tun Asuba. Na ƙara gwaji na uku wanda Malama ba ta nema ba. Na haɗa wa Ƙaramar kyamara da 'yar lasifika, na sa mata manhajar da ke duba rubutu a hoto ta mayar da shi magana. A ajiye takarda a gabanta, a danna maɓalli ɗaya, ta karanta da murya.

Na gwada da tsohuwar jarida. Babban yana fara magana bayan sakan uku. Ƙaramar sai ta yi shiru na sakan goma sha huɗu, fankarta na huci, har ka ɗauka ta mutu, sannan murya ta fito. Turanci tana karanta shi tsaf. Hausa kuwa tana yinta kamar baƙon da ya kwana biyu a Sabon Gari, amma ana ganewa.

Sai dai ga inda lissafin ya juya. An ɗauke wuta ƙarfe sha ɗaya, batirin Babban ya yi awa ɗaya da kwata ya mutu. Ƙaramar na jona ta da fawa bankin wayata, har aka kira Magariba tana karatu. Ita da batirin da kyamarar duk sun shiga aljihun kaftanina. Na sa su na yi tafiya daga falo zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa falo.

Barira ta leƙo ta ce, "Makarantar makafi za su buɗe ne?" Wasa take yi. Na yi dariya ni ma.

Laraba, 16 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Na ƙona laftof ɗin wata ɗaliba, Nkiru. Wurin caji kawai zan canza mata, aikin da na yi sau dubu. Dalma ta haɗe ƙafa biyu da bai kamata su haɗu ba, ban gani ba. Na jona wuta, na ji ƙauri.

Duk aikin kammala karatunta yana ciki. Ta tsaya a bakin shago ta ɗora hannu biyu a ka, ko kuka ta kasa yi. Ebuka ne ya ciro ma'ajiyar bayanan ya jona a wata kwamfutar, aka samu komai lafiya. Na ba ta wani laftof daga cikin nawa na sayarwa. Ta tafi tana godiya, ni kuma na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Da za mu rufe Ebuka ya ce, "Oga, when last you check that eye?" Na ce masa hayaƙin janareto ne.

Alhamis, 17 ga Yuli, da safe

Ban je shago ba.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe sha biyu na rana

Ban je ba yau ma. Na sake duk gwaje-gwajen, lambobin ba su canza ba. Arba'in da ɗaya. Minti biyu da hamsin. Uku. Goma sha huɗu.

Na ɗauko gilashin ƙara girma na leƙa bayan Ƙaramar, in ga 'yan ƙananan kayan da aka jera kamar ƙwayar gero. Da can ina karanta lambar da ke jikin kowanne. Na tuna likita ya ce a bayan idon mutum akwai wani siririn mayafi mai ɗauke da masu karɓar haske fiye da miliyan ɗari, kuma duk suna aika saƙo ta jijiya ɗaya. Ba fanka, ba caji, shekara arba'in da tara yana mini aiki ban taɓa ce masa sannu ba. Subhanallah. Waccan, mutum ne ya ƙera ta nake ta mamaki. Wannan fa?

Ya faɗi wasu abubuwan kuma a ranar, amma kunnena ya toshe tun daga jimla ta biyu. Ya buga takarda ya ba ni. Rubutun ƙanana ne ƙwarai.

Litinin, 21 ga Yuli, bayan Azahar

Zan rubuta yadda abin ya faru.

Barira ta ce za ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Da na ji ƙarar ƙofa na ɗauko takardar asibitin daga jaka. Ba wuta, Babban a mace, don haka Ƙaramar na ajiye wa ita. Na danna maɓalli na zauna ina ƙirgawa. A sakan na takwas ko na tara ƙofa ta buɗe. Ta manta turaren da za ta kai. Na miƙa hannu in kashe, na lalubi maɓallin ta hagu na rasa. Ta ce, "Me kake nema?" Sai muryar ta fara.

Da sunana ta fara, cikakke, da shekaruna. Barira a nan Enugu aka haife ta, Turancinta ya fi nawa. Ta tsaya da kwalbar turare a hannu. Muryar ta ambaci idon hagu da wata kalma da ba zan rubuta ba. Ta ambaci na dama da kalmar gaggawa. Ta ambaci ranar da aka ce in koma a sa mini ranar aiki. Ranar ta wuce da kwana goma sha ɗaya.

Da muryar ta gama, Barira ta ajiye kwalbar a hankali ta ce, "Sa ta maimaita."

Na danna. Muka zauna mu biyu muna jiran sakan goma sha huɗun nan. Ban taɓa sanin suna da tsawo haka ba.

Bayan ta sake ji har ƙarshe ta ce, "Wata biyar kenan kana zuba shayi a gefen kofi ina gogewa. Ƙofar banɗaki ta ci kafaɗarka ta hagu har ta yi baƙi. Ina jira ka faɗa mini da bakinka, Abban Ilham. Sai ga shi na'ura ce ta ji tausayina."

Na ce ina tsoron a taɓa na daman a rasa shi gaba ɗaya. Na ce in ya tafi ban san ko ni wane ne ba, tunda abin da na iya a duniya shi ne kallon ƙananan abubuwa. Ban taɓa faɗin haka ko ga kaina ba.

Ba ta rarrashe ni ba. Ta ɗauki wayarta ta shiga ɗaki. Na ji tana cewa, "Yaya, ina wuni. Don Allah gobe ka taho."

Da a Babban na sa takardar, da ya yi nisa da karatu kafin ta juyo, na ji motsinta na rufe shi. Na yi ta juya wannan a raina.

Talata, 22 ga Yuli, bayan Magariba

Yaya Kallamu ya iso daga Onitsha da hantsi, ya bar rumfarsa ta albasa a kasuwar Ose Okwodu a tsakiyar saukar kaya. Ya zauna muka gaisa kamar ba komai. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi Ilham da karatunta a Fatakwal, ya tambayi ruwan sama, duk na amsa da lafiya lau. Sai da ya sha ruwa ya ce, "Imrana, ni ne na goya ka daga tasha ranar da muka sauka garin nan da Baba. In ka ga dama in sake goya ka zuwa asibitin, bayana bai mutu ba. Tashi ka sa takalmi."

Mun je. Likita bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya haska, ya auna, ya sa ranar aiki. Laraba ta sama, ƙarfe takwas na safe.

Yaya ya tambaye shi, "Likita, zai gani?" Ya ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ba zai yi alkawari ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai wa Malama Ruƙayyatu sakamakon. Barira ce ta rubuta, ni ina faɗa. Na gaya mata gaskiya: a kowane gwajin gudu laftof ya ninka Ƙaramar sau huɗu, wani wajen kusan biyar. Amma yaro mai koyon buga rubutu da neman aya da zana tebur ba zai taɓa jin wannan bambancin ba, don furosesar ce ke jiran yatsunsa. Goma za su zauna lokaci guda maimakon uku, kuma batirin sola ɗaya zai riƙe ƙananan duka. Aiki mai nauyi kamar bidiyo a bar wa kwamfutar ofishinta.

Ta karanta har ƙasa ta ce, "Wannan gwaji na uku fa, na karatu da murya? Ban tuna na nema ba."

Na ce nawa ne. Na gaya mata dalili. Karo na farko kenan da na faɗa wa wani ba tare da an kama ni ba, kuma bai yi wuya kamar yadda na zata ba.

Ta ce, "Allah Ya ba da lafiya, Injiniya. Akwai dattijuwa a ajin manya da ta daina zuwa saboda ba ta ganin allo. In ka warke ina son irinta guda." Ta ce in ka warke. Ba ta ce idan Allah Ya sa ka warke ba, sai daga baya ta ƙara.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan La'asar

Yau na ga abin da zan so in tuna ko me ya faru ranar Laraba.

Ƙananan goma sun iso jiya daga Legas. Mun je Uwani da Yaya da Ebuka muka jera su, Ebuka yana jona wayoyi ina gaya masa inda kowacce za ta shiga. Da muka kunna, monitoci goma suka haska a jere. Ni hasken nake gani, ba rubutun ba.

Yaya yana zaune a kujerar ɗalibai gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Na yi masa bayanin sakan uku da sakan goma sha huɗu. Ya yi tsaki ya ce, "To wannan ai zalunci ne. Ku ɗauki ƙato ku haɗa shi tsere da jariri? Mu idan mota ta zo ba mutum ɗaya ke sauke ta ba. Ka raba musu kayan mana."

Shekara ashirin da uku, kuma mai albasa ne ya tuna mini.

Duk suna kan waya ɗaya da ma. Na faɗa wa Ebuka abin da zai rubuta, ya ɗauke mu kusan awa guda muna gyara kuskure. Muka ɗauki hoton shafi talatin na littafin Fiƙihun aji uku. Babban shi kaɗai ya gama duba su a minti ɗaya da rabi. Sannan muka raba wa ƙananan, kowacce shafi uku. Malama ta riƙe agogo. Na ce bismillah, Ebuka ya danna.

Fankoki goma suka tashi tare. Ajin ya cika da wani siririn sauti kamar ruwan sama yana tahowa daga nesa. Na rufe idona da gangan, na tsaya a tsakiyarsu, ina jin iskar ɗumi tana fitowa ta dama da hagu, ina tunanin bugu biliyan goma sha biyar a kowane sakan a cikin ɗakin da ake koyar da alif da ba. Tsigar jikina ta tashi.

Malama ta ce, "Arba'in da bakwai."

Yaya ya buga cinya ya ce, "Allahu Akbar! Ban gaya muku ba?" Ebuka ya rungume shi yana ta surutu da Igbo, Yaya yana mayar masa da Igbon kasuwa. Ni na nemi kujera na zauna.

Talata, 29 ga Yuli, bayan Magariba

An ce kada in ci komai daga ƙarfe goma. Ilham ta iso. Na daɗe ina kallon fuskarta har ta ce, "Abba, ka ba ni kunya."

Na hau saman bene na kalli tsaunukan da ke bayan gari kafin rana ta faɗi. Kore ne, da gajimare zaune a kansu.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan Asuba

Ya Allah, idon nan naka ne. Kai Ka ara mini.

Juma'a, 8 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe

Da hannuna nake rubuta wannan. Layi biyar ke cika shafi, amma hannuna ne.

Na hagu ya tafi, an tabbatar. Na dama an tsayar da abin da ke cinsa, an kuma cire yanar da ta rufe shi. Gefe-gefe babu, kamar mai leƙe ta bututu nake gani. Amma abin da ke tsakiyar bututun ya fito tas, yadda na manta ana gani. Na karanta wa likita layi huɗu na allonsa. Ya ce dalma da ƙananan ƙafafu kam in haƙura da su. Na ce na ji. Ebuka zai riƙe ƙarfen dalma, ni in riƙa gano ciwon na'ura, haka muka yi magana da shi jiya.

A hanyar dawowa cikin keke mai ƙafa uku na juya kaina gaba ɗaya don in sa Barira a tsakiyar ganina. Ɗankwalinta ya zame kaɗan. Na daɗe ina kallo.

Na ce, "Barira, kin yi furfura."

Ta gyara ɗankwalin, ta juya tana kallon titi, na ga kafaɗarta na rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka.

Ta ce, "Tun bara. Sannu da zuwa."